Ajin kiɗa na hutun damina a Titin Gidan Zoo, Kano: abin da na biya da abin da yarona ya samo

Naira dubu talatin da biyar na biya, kuɗin mako shida, kwana uku a mako: Litinin, Laraba da Asabar, daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar. Ban da kuɗin adaidaita sahu daga Ɗorayi zuwa da dawowa, wanda da na tara shi ya kusa kamo rabin kuɗin makarantar. Na fara da lissafi ne domin ita ce tambayar farko da kowa ke yi mini, har abokan aikina a ɗakin malamai. Tambaya ta biyu kuwa yayana ne ya yi ta, ranar da labari ya kai masa: "Yanzu kai da iliminka, maroƙi za ka mayar mana da yaro?"

Ni malamin Hausa ne a sakandare, shekarata goma sha bakwai ina riƙe da alli. Yaron wajena ya gama aji ɗaya na babbar sakandare a bana, kuma tun yana ƙarami babu abin da ya tsira daga hannunsa: bokiti, murfin tukunya, bayan kujera, har cinyar ƙaninsa. Mahaifiyarsa ta yi faɗa ta gaji. Da na duba wayarsa na tarar ya sauke wata manhajar haɗa kiɗa yana ta danne-danne shi kaɗai, sai na ga cewa ko da ni ko ba ni, yaron nan zai bi hanyar. Gara in san wanda zai ɗora shi a kai. Ana cikin haka wani abokina ya turo mini tallar wannan aji a WhatsApp, an rubuta za a koya wa 'yan sakandare sauraron kiɗa da tsara waƙa. Kalmar "sauraro" ce ta tsayar da ni, domin ban taɓa ganin wanda ya ce zai karɓi kuɗi ya koyar da ita ba.

Wurin yana saman bene ne a wani layi da ya ɓalle daga Titin Gidan Zoo, cikin situdiyoyin nan na 'yan fim da mawaƙa. Ɗaki ɗaya ne mai ɗan faɗi, an manna soso a bango, benci huɗu, allo fari, fiyano huɗu na Yamaha da kwamfuta guda. Yara goma sha huɗu, biyar mata, kuma an ware musu bencinsu. Malamin matashi ne da bai wuce talatin da 'yan kai ba. Da na ce ina so in zauna in gani, bai ko yi jim ba, ya jawo mini kujera ya ce, "Bismillah Malam, duk ranar da ka ga dama ka zo." Na je sau bakwai cikin zama goma sha takwas. Abin da zan faɗa, da idona na gan shi, sauran kuma daga littafin yaron da bakinsa.

Mako na farko babu wanda ya taɓa fiyano. An lulluɓe su da zani. Yaran sun zo da zumuɗi, kowa yana ganin yau zai fara buga abin da yake ji a waya, sai Malam ya buɗe tagogi ya ce kowa ya rufe ido minti uku, ya ƙirga abin da kunnensa ya kama. Da suka buɗe, mai yawan cikinsu ya kawo huɗu: hon ɗin adaidaita, janareta, surutun mutane, kiɗan situdiyon maƙwabta. Malam ya lissafo nasa goma sha ɗaya. A ciki akwai mai gyaran takalmi da ke wucewa yana ƙwanƙwasa akwatinsa, da jarkokin mai ruwa suna karo a kura, da wata yarinya mai tallar dafaffiyar gyaɗa can ƙarshen layi. Ya ce su sake rufe ido su nemo yarinyar. Da suka same ta ya ce su kwaikwayi tallar da baki a rufe, ba kalma, amon kawai. Ina zaune ina jin yara goma sha huɗu suna gunjin tallar gyaɗa, sai ga shi waƙa ce sosai, mai hawa da sauka, sauti uku ne kacal take juyawa a kansu. Ya rubuta su a allo da do, re, mi. Aikin gida na ranar shi ne kowa ya kawo talla biyu daga unguwarsu. Yarona ya kawo ta mai kifi da ta mai sayen gwangwan, ya kwana biyu yana rera mana su a tsakar gida.

Daga nan aka shiga sauraron makaɗa, kuma a nan ne na ji kuɗina sun fara halatta. Ƙa'idarsa ita ce kowace waƙa sau uku ake jin ta. Ji na farko a bi jagora. Ji na biyu a ƙyale jagora a bi 'yan amshi: yaushe suke shigowa, suna jira ya sauka ne ko suna tarar numfashinsa, suna maimaita gindin waƙa ne, wato kalmomin da ake ta komawa kansu, ko ƙarasa masa magana suke yi. Ji na uku a manta da murya gaba ɗaya a bi kiɗan. Ya sa musu Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ce su nemo ƙaramar gangar nan, kuntukuru, da ke tafiya a ƙarƙashin kalangai ba ta canzawa. Sai da aka mayar sau biyar kafin wata yarinya ta ɗaga hannu ta fara buga ta a benci da yatsa biyu. Washegarin zama ya kawo kotson Musa Ɗanƙwairo, ya ce su gaya masa bambancin fatar da aka buga da hannu da wadda aka buga da gula. Ya kawo kuntigin Ɗan Maraya Jos, tsirkiya ɗaya tal, ba 'yan amshi, ya tambaye su me ke cike gurbin amshi idan mawaƙi shi kaɗai ne. Ya kawo ƙwaryar amada ta Barmani Coge, ya sa aka hawo da baho da ruwa aka kifa ƙwarya a ciki, suka ji yadda amon ke canzawa idan an rage iskar da ke ƙarƙashinta.

Abin da ya sa wannan ya taɓa ni, zan faɗa. Shekara goma sha bakwai ina koyar da waƙar baka, domin tana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya a takardar Hausa. Ina rubuta ɗiyan waƙa a allo, in ja layi a ƙarƙashin kambamawa da zambo da habaici, in yi bayanin gindin waƙa da kalmomin da muka koya daga rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero. Yara su kwafa, su haddace, su ci jarrabawa. Amma waƙar da aka raba da kiɗanta aka shanya a allo kamar kilishi ce da ba a shafa wa labu ba. Akwai ɗaliban da na yaye da za su iya kawo maka siffofin makaɗan fada guda biyar, ba su taɓa jin amon taushi ba. A ƙaramar sakandare kuma, tun da aka shigo da manhajar karatu ta shekara tara a 2008, an cusa kiɗa da zane da wasan kwaikwayo cikin darasi ɗaya da yara ke kira CCA, kuma a makarantun da na zauna duk wanda ya iya zane shi ake miƙa wa. Sai yaro ya zana kalangu a littafi, ya sa kibiya ya rubuta sunayen sassansa, shi ke nan an gama kiɗa. A babbar sakandare akwai darasin kiɗa mai zaman kansa, WAEC tana da takardarsa, har da ɓangaren da ake kunna sauti ɗalibi ya saurara ya amsa. Ban taɓa ganin ɗalibina ko ɗaya ya zauna ta ba. A garin da ake busa kakaki da algaita a hawan Daushe, garin da rabin ƙasar Hausa ke sauraron abin da ke fitowa daga situdiyoyinsa.

Ranar da ta fi kowace a wurina ita ce Asabar ta mako na uku. Malam ya gayyato wani dattijo mai kalangu, irin makaɗan mahauta na da, ya hawo benen a hankali da kalangunsa a rataye. Ya saƙala shi a hammata, ya nuna musu yadda matse igiyoyin ke ɗaga amo, sakinsu kuma ya saukar da shi. Sannan ya kalle ni ya buga wani abu gajere: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ya sake bugawa. Yara suka yi tsuru. Ni kuwa sai na ji bakina ya ce, "Yauwa Baba, mun same ku lafiya?" Sannu da zuwa ya yi mini. Ajin ya kaure. Malam ya tashi ya rubuta "wuya" sau biyu a allo, ya ce dattijon ya buga wuyan da ake rataya laya, sannan ya buga wuyar da ake sha. Na farko ya faro sama ya faɗo, na biyu ya faro ƙasa ya hau. Karin sautin da nake shan fama in fahimtar da 'yan aji biyu da alamomi a kan wasula, ga shi fata da igiya sun gama bayaninsa cikin minti biyar.

A kan wannan aka gina tsara waƙa. Malam ya ce musu Bahaushe ba ya ɗora kalma a kan kowane kari ya ga dama, domin kalmar da kanta tana zuwa da hawanta da saukarta, in ka murɗe ta sai ta koma wata. Kowa ya rubuto ɗango biyu, wato layi biyu na waƙa, ya fara faɗarsu da baki kamar magana, ya zana layin hawa da saukarsu a takarda, sannan ya nemi waƙar a cikin layin. Wata yarinya ta yi wa ƙaninta waƙa, ta ce ya cika kuka, amma da ta zo rerawa sai ta saukar da muryarta a gaɓar ƙarshe. Malam ya tsayar da ita cikin murmushi ya ce, "Ƙanin naki miya ake yi da shi?" Ta yi shiru, ta sake rerawa a ranta, sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ta ji da kunnenta cewa kukar miya ta rera. Ta gyara, ta riƙe muryar a sama, yaron ya koma mai kuka. Ba na jin za ta manta da wannan har ta tsufa.

Sai a lokacin aka yaye zanin fiyano. Ya nuna musu baƙaƙen maɓallan nan da ke jere biyu, uku, biyu, uku, ya ce su ƙyale fararen tukuna. Sauti biyar ne ke maimaituwa, kuma da yawa daga waƙoƙinmu na dandali da na daka a kan sauti biyar suke tafiya, shi ya sa yaro zai lalubo waƙar da kakarsa ke yi masa a kan baƙaƙen kawai cikin ɗan lokaci. Na ji daɗi da bai ɓoye musu iyakar na'urar ba. Ya kunna goge, ya ce su nemo wani sauti da mai gogen ya ja, suka neme shi sama da ƙasa babu, domin yana tsakanin maɓalli biyu ne, inda fiyano ba ta da ƙofa. Ya kuma leƙa da su waje sau ɗaya: ya sa musu farkon wani kiɗan Betoben, Bajamushen nan, wanda aka fara bugawa a 1808, sauti huɗu, gajeru uku da dogo ɗaya. Ya ce su ɗaga yatsa duk sanda suka ji ya dawo, ko a sama ko a ƙasa, ko da goge ko da ƙaho. Yatsu suka yi ta tashi har suka gaji. Ya ce to haka ake gini, ɗan abu kaɗan ake samu a yi ta juya shi, kamar yadda makaɗi ke fita yawo da ɗiyan waƙa ya dawo gindinta.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci, kuma na faɗa wa Malam baki da baki kafin in rubuta.

Wuta. Ajin da jarinsa kunne ne, amma da an ɗauke wuta sai a tayar da ƙaramin janareta a barandar da ke manne da tagar. Sau uku cikin zuwana bakwai haka aka yi darasin sauraro ana ɗaga murya. A tallar an rubuta akwai sola. Akwai ta, fanka biyu take ja. Fiyano huɗu ga yara goma sha huɗu, ɗaya kuma maɓallanta uku sun mutu a tsakiya, daidai inda mai koyo ke zama. Na lura maza sukan riga su rufe kayan, matan su tsaya a baya suna jira, kuma sai da wata uwa ta yi magana aka fara raba lokaci da agogo. Takardun da ake rabawa kwafi ne daga littafin Turanci, alhali duk darasin da Hausa ake yi, kuma Malam yana da kalmomi masu kyau a bakinsa da ya kamata a ce sun shiga takarda. Rubutun kiɗa na layi biyar kuwa zama biyu aka yi masa a gurguje. Yarona ya san sunan alamomin, amma in ka ajiye masa layi ɗaya ka ce ya rera, ba zai iya ba. Duk wanda ke son ɗansa ya zauna takardar kiɗa ta WAEC, wannan aji shimfiɗa ce kawai, sai ya nemi ƙari.

Mako na biyar shi ya fi ci mini rai. Malam ya yi tafiya, ya bar wani yaronsa na situdiyo. Wannan ya zaunar da su gaban kwamfuta, ya buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya jawo kiɗan da aka riga aka haɗa, ya ce kowa ya zo ya ɗora murya. Wanda muryarsa ta kauce, maimakon a ce ya saurara ya gyara, sai a danna abin gyaran murya ta miƙe ta koma irin ta kowa. Ba ni da rigima da kwamfuta, da ita ake aikin yanzu, kuma yaron da zai yi wannan sana'a dole ya san ta. Amma an yi mako huɗu ana koya wa yara su yarda da kunnensu, sai a zo cikin kwana uku a nuna musu ba sai sun wahala ba. Yarona ya dawo gida ranar yana murna da muryar da ba tasa ba. Na ce ya rera mini ba waya. Ya rera, ya ji inda ya zame, ya yi shiru.

Akwai kuma maganar dattijon nan. Sau biyu kacal ya zo, kuma a zuwa na biyu na tarar da shi zaune a kan matakala yana jira a gama "darasi" a kira shi, kamar wanda ya zo nishaɗantarwa. Mutumin da ya fi kowa a ginin sanin abin da ake koyarwa. Na ce wa Malam a ba shi kujera a gaban aji, a sa yara su kira shi Malam, a kuma sa shi cikin jadawali kowane mako ko da za a ƙara mana kuɗi. Raina makaɗi tsohon ciwo ne a wurinmu, shi ne ya fito a bakin yayana, kuma bai kamata a ce ajin kiɗa ma yana ɗauke da shi ba. Malam ya karɓi maganar, ya ce kuskure ne.

Ga iyaye masu tunanin tarbiyya, abin da na gani ke nan: da an kira salla ake kashe komai, ko ana tsakiyar waƙa. Ba a ɗora muryar yaro ko hotonsa a TikTok sai da izinin iyaye, kuma Malam yana karanta kalmomin kowace waƙa kafin a rera ta. Ƙofa a buɗe take, uwa biyu na gani suna zuwa kusan kullum. Maganar hukuncin kiɗa kuwa kowa yana da malaminsa, ni ba zan yanke wa kowa ba. Na dai san cewa yaran da iyayensu ke cewa ba ruwansu da kiɗa, akwai abin ji a kunnensu daga safe har dare, babu mai tambayarsu me suke ji.

Ranar rufewa kowa ya gabatar da tasa. Yarona ya yi wa kakarsa, mahaifiyata, waƙa a kan furar da take damawa, gindi ɗaya da ɗiya uku, a kan baƙaƙen maɓallai, abokansa biyu suna amshi, yarinyar nan mai kunnen kuntukuru tana riƙe musu da tafi. Ɗa na biyu ya yi tsawo, numfashinsa ya ƙare kafin ya sauka, 'yan amshi suka shigo suka rufa masa asiri kamar yadda aka koya musu. Babu kwamfuta a ciki, shi ya ce ba ya so. Na ɗauka a waya na kai wa tsohuwa. Ta saurara sau biyu, ta ce, "Ludayin nawa ma sai da ya saka?" Yayana yana wurin, bai ce uffan ba, amma da zai tafi ya ce in tura masa.

Sun ce za su sake buɗewa a hutun Disamba. Na gaya wa Malam in an matsar da janareta, an gyara fiyanon nan, an ba dattijo kujerarsa, zan dawo da yaron, in haɗa da ƙanwarsa. In ba a yi ba, zan nemi dattijon da kaina.

Da aka koma makaranta na sayi ƙaramar sifika a kasuwar waya ta Farm Centre. Ranar Talata na shiga da ita aji biyu, na goge allo, na ce kowa ya rufe littafinsa ya rufe ido. Mu saba'in da wani abu ne a ajin, sifikar ba ta kai bencin baya sosai, sai da na sa na bayan suka matso suka tsaya. A ji na uku na ce su nemo mini ƙaramar gangar. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a darasina ba ya fara buga ta a kan tebur da murfin biro.